Ɗan Mitsitsin Ma'aunin Da Ke Auna Ƙwayar Cuta: Ko Zai Hana A Riƙa Rufe Mana Iyaka?

Duk wanda ya daɗe yana bin hanyar Maraɗi zuwa Jibiya, ko ta Ƙonni zuwa Illela, ko ta Dungas zuwa Maigatari, ya san cewa abubuwa uku ne ke tsayar da kasuwar kan iyaka cak, wato rikicin siyasa, da dokar duwan, da kuma annoba. Biyun farko muna ganinsu da ido, mun kuma san inda za mu kai kuka. Ita kuwa annoba ba a ganin zuwanta, sai dai kawai a wayi gari a ji sanarwa a rediyo cewa an rufe iyaka har sai abin da hali ya yi, alhali albasa tana cikin mota tana ruɓewa, dabbobi suna ramewa a kara, mai bin bashi kuma ba ya jiran ranar da za a buɗe.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace a yau mu duba wani fanni na bincike da masana kimiyya suka shafe fiye da shekara 20 suna aiki a kansa, wato ƙera wasu ƴan mitsi-mitsin na'urori masu motsi, waɗanda za su iya gane ƙwayar cuta ta bairos ta hanyar jin nauyinta. Mai karatu zai iya cewa ina ruwan mai sayar da wake ko fataken shanu da abin da ake yi a jami'o'in Amurka da Faransa. To amsar ita ce, mafi yawan asarar da muke tafkawa a lokacin annoba ba cutar kanta ke jawo ta ba, rashin sanin wane ne ke ɗauke da ita da wane ne ba ya ɗauke da ita shi ke sa hukuma ta yi wa kowa kuɗin goro.

Jinkirin gwaji da abin da ya jawo mana

Idan ba mu manta ba, a shekarar 2006 kaji sun fara mutuwa a wata babbar gona da ke Jaji a jihar Kaduna tun cikin watan Janairu, amma sai ranar 8 ga watan Fabrairu aka tabbatar wa duniya cewa murar tsuntsaye ce nau'in H5N1, bayan da aka ɗauki samfur aka kai shi har wani ɗakin bincike da ke birnin Padova na ƙasar Italiya. A cikin waɗannan makonni na jira, kaji da ƙwai ba su daina zirga-zirga a kasuwanni ba. Kafin ƙarshen watan na Fabrairu an tabbatar da ɓullar cutar a Magarya, a watan Maris kuma aka same ta a Marwa ta ƙasar Kamaru. Abin da ya biyo baya masu sana'ar kaji ba za su manta da shi ba, domin kuwa an kashe tsuntsaye masu yawa, an hana shigo da su daga ƙetare, mutane kuma suka ƙaurace wa naman kaza har a garuruwan da cutar ba ta taɓa zuwa ba.

Haka abin ya kasance da cutar Ebola. Ta fara ne a yankin dazuzzukan ƙasar Gini a watan Disambar 2013, amma sai a watan Maris na 2014 aka gane ko wace cuta ce, bayan an aika da jini zuwa birnin Lyon na Faransa. Kafin a shawo kanta ta kama mutane fiye da 28,000, ta kuma kashe fiye da 11,000. A Tarayyar Najeriya mutum 20 ne suka kamu, 8 suka rasu, kuma a Legas da Fatakwal abin ya tsaya, amma duk da haka a watan Agustan 2014 ƙasar Kamaru ta rufe iyakarta da Najeriya baki ɗaya. Ɗan kasuwar Mubi da ke kai kaya Garwa, wanda ke da nisan ɗaruruwan kilomita daga Legas, shi ma sai da ya biya farashin tsoro.

Sai kuma korona. Nijar ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Maris na 2020, ba ta buɗe ba sai a watan Yunin 2021. Gana kuwa sai da ta cika shekara biyu cur, daga Maris 2020 zuwa Maris 2022. Wannan ya zo ne a kan wani rufin da Najeriya ta riga ta yi tun watan Agustan 2019 saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, wanda sai a Disambar 2020 aka buɗe mashigai huɗu, ciki har da Illela da Maigatari. A duk waɗannan lokuta, da a ce akwai hanyar da za a gwada mutum ko dabba nan take a bakin iyaka, cikin rahusa, a kuma amince da sakamakon, da hujjar rufe ƙofa ga kowa da kowa ta yi rauni ƙwarai.

Yadda na'urar ke aiki

Ƙwayar bairos ƙarama ce fiye da yadda hankali zai ɗauka. Idan aka jera ƙwayoyin mura 10,000 a layi ɗaya, tsawonsu duka bai wuce milimita ɗaya ba. Saboda haka ba a ganinta da madubin ƙara girma irin wanda ake duba ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da shi a asibiti. To ta yaya za a auna nauyin abin da ba a ma iya gani?

Duk wanda ya taɓa tsaron gona ya ga yadda karan gero ke kaɗawa idan iska ta buso. Da zarar tsuntsu ya sauka a kan zangarniya, sai karan ya ɗan lanƙwasa, kaɗawarsa kuma ta rage sauri saboda nauyin da ya ƙaru a kansa. Ko da mutum bai hango tsuntsun ba, idan ya san yadda karan ke kaɗawa da can, zai gane cewa wani abu ya sauka. Wannan ita ce dabarar, ba ƙari ba ragi. Masana kan sassaƙa wani ɗan tsinke daga silikon, wato abin da ake yin ƙwaƙwalwar kwamfuta da wayar salula da shi, a kafe gefensa ɗaya a bar ɗayan yana rawa. Tsinken yana da adadin karkarwar da yake yi a kowace daƙiƙa, ana kuma ƙirga ta da hasken leza ko da lantarki. Idan wani abu ya liƙe a bakinsa, sai adadin ya ragu, daga yawan raguwar kuma a lissafa nauyin abin da ya liƙe.

Sai dai nauyi kaɗai ba ya faɗin sunan cuta, domin ƙura ma tana da nauyi. Saboda haka akan shafe tsinken da irin sinadarin da garkuwar jiki ke yi don kama wata cuta takamaimai. Shi wannan sinadari kamar kwaɗo ne da mabuɗinsa, ƙwayar da aka yi shi dominta ita ce za ta shiga ta maƙale, sauran kuma a wanke su su tafi.

Irin waɗannan ƙananan na'urori masu motsi ba baƙi ba ne a rumfunanmu, ko da yake ba mu san muna sayar da su ba. A cikin agogon batir akwai wani ɗan dutse da ke karkarwa sau 32,768 a kowace daƙiƙa, da shi agogon ke ƙirga lokaci. A cikin wayar salula ta zamani kuma akwai ɗan ma'aunin da ke jin an karkata wayar, shi ke sa hoto ya juya idan aka kwantar da ita. Ana buga dubban irinsu a kan faifan silikon guda ɗaya, abin da ya sa suka yi arha. Fatan masana shi ne wata rana na'urar gano cuta ita ma ta bi wannan hanya.

Inda bincike ya kai

Tushen abin ya samo asali ne daga wani madubin bincike da Gerd Binnig da Calvin Quate da Christoph Gerber suka ƙirƙiro a 1986, wanda ke lalube saman abu da ɗan tsinke kamar yadda makaho ke lalube hanya da sanda. Daga baya aka lura cewa tsinken kansa zai iya zama ma'auni. A shekarar 2001 masana a jami'ar Cornell ta Amurka, ƙarƙashin Harold Craighead, suka auna ƙwayar bakteriya guda ɗaya. A 2004 kuma wani rukuni a jami'ar Purdue, ƙarƙashin Rashid Bashir, ya auna ƙwayar bairos guda ɗaya tak, irin wadda ake yin rigakafin agana da ita. Tsinken da suka yi amfani da shi sai an jera fiye da goma kafin su kai kaurin gashin kai ɗaya. Nauyin da suka samu kuwa, a raba giram ɗaya gida miliyan, a ɗauki kashi ɗaya a sake raba shi gida miliyan, a sake ɗaukar ɗaya a raba gida dubu, to tara da rabi na wannan kason na ƙarshe shi ne nauyin ƙwayar. A cikin shekarar ce dai masanan Cornell suka nuna cewa tsinken da aka shafe da sinadarin garkuwa zai iya tsamo wata bairos mai kama ƙwari daga cikin ruwan gwaji.

To amma akwai babbar matsala. Tsinken yana rawa sosai ne a wurin da aka zuƙe iska ko a busasshen wuri, alhali cuta a cikin jini da majina da yawu take zaune. Duk wanda ya gwada kaɗa ludayi a cikin kunu mai kauri ya san ba daidai yake da kaɗa shi a iska ba. A 2007 rukunin Scott Manalis na cibiyar MIT ya fito da wata dabara, maimakon a tsoma tsinken cikin ruwa, sai aka huda masa ƴar hanya a ciki aka bi da ruwan ta nan, shi kuwa yana rawarsa a waje. Da haka suka auna ƙwayoyin bakteriya ɗaya bayan ɗaya suna wucewa. A 2018 kuma masana a birnin Grenoble na Faransa suka auna ɓawon wata bairos mai kama bakteriya da irin waɗannan na'urori.

Duk wannan ci gaba ne na gaske. Amma kada mu yaudari kanmu, lokacin da korona ta zo a 2020, shekara 16 bayan gwajin Purdue, ba waɗannan tsinkaye ne duniya ta dogara da su ba. An koma ne ga gwajin PCR da kuma ɗan katin nan da ake ɗiga wa ruwa a jira layi ya fito. Har yanzu ma'aunin silikon bai zama kayan aikin yau da kullum na gano bairos a asibitoci ba, ko da a ƙasashen da suka ƙirƙiro shi.

Dalilan suna da yawa. Na farko, gwajin PCR yana ninka ƙwayar halittar cutar sau miliyoyi kafin ya duba, don haka ko kaɗan ce a jiki yana iya gano ta, shi kuwa tsinke ba ya ninka komai, sai ya jira ƙwayar ta zo ta same shi, kuma ƙanƙantarsa da ta sa yake jin nauyi kaɗan ita ce ta sa haɗuwarsu ke zama kamar neman allura cikin ruwa. Na biyu, jini cike yake da wasu abubuwa masu liƙewa, waɗanda kan ƙara nauyi su ruɗa lissafi. Na uku, tsinken ƙarami ne amma injin da ke karanta shi babba ne mai tsada, yana kuma buƙatar wuta tsayayya. Na huɗu shi ne wanda ya fi shafarmu, wato zafi da ƙura. Sinadarin garkuwa yana lalacewa da zafi, na'urar da ke jin nauyin ƙwayar cuta guda kuma ba sai an faɗa mana abin da ƙurar hunturu za ta yi mata a tashar Ɗan Isa ba.

Ko da na'urar ta iso

Mu ƙaddara cewa an warware duk waɗannan matsaloli, na'urar ta zo bakin iyaka. Shin kukanmu ya ƙare ke nan? Mu a ganinmu da sauran rina a kaba.

Da farko babu gwajin da ba ya kuskure. Mu ɗauki misali kawai, a ce na'ura tana kuskure sau ɗaya cikin ɗari, a ce kuma mutum 2,000 masu lafiya suka bi ta mashiga ɗaya ranar Alhamis ta kasuwar Maigatari. Ke nan mutum 20 za a tsare ba su da komai. Ina za a ajiye su, wa zai kula da dabbobinsu, kuma ina za a sake gwada su don a wanke su? Akwai kuma kuskure na ɗaya gefen, domin cuta kamar Ebola tana iya kwanciya a jiki daga kwana 2 zuwa 21 kafin ta bayyana, a wannan lokaci kuwa ko PCR ba ya ganinta a jini. Saboda haka gwaji yana rage haɗari ne, ba ya kawar da shi.

Na biyu shi ne kuɗi. A watan Satumbar 2020 duk wanda ya sauka a filin jirgin saman Accra sai ya biya dalar Amurka 150 kafin a gwada shi. A 2021 ƙasashen ƙungiyar UEMOA suka daidaita kuɗin gwajin korona a kan sefa jika 25 ga matafiyin jirgi, da jika 5 ga mai bin ƙasa. Jika biyar ba komai ba ce ga mai tirela, amma ga matar da ke tsallakawa da tiya kaɗan ta wake ko ƴan kaji uku, ta fi ribarta ta mako. Iyakar Nijar da Najeriya kuwa ta kai kusan kilomita 1,500, kuma kowa ya san hanyoyin daji ba su ƙirguwa. Idan gwaji ya fi ƙarfin talaka, zai bi ta bayan gari ne, cutar da ake gudu kuma ta bi shi ba wanda ya gan ta. Ban da wannan, mun sha gani cewa kowace sabuwar takarda da aka ɗora wa matafiyi takan zama sabuwar ƙofar karɓar na goro a shingayen hanya.

Na uku shi ne diyya. A 2006 gwamnatin Najeriya ta fara da biyan naira 250 a kan kowace kaza da aka kashe, kuɗin da masu kiwo suka ce bai kai farashin kasuwa ba, abin da ya sa wasu suka gwammace su sayar da kajinsu da sauri kafin jami'ai su iso. Na'urar da za ta gano cuta a garke cikin minti goma, idan babu diyya mai ma'ana a bayanta, makiyayi zai ɗauke ta a matsayin abokiyar gaba, ya riƙa kauce mata.

Na huɗu shi ne amincewa tsakanin ƙasashe. Gwajin da aka yi a Ƙonni ba shi da amfani idan jami'in Illela zai ce bai san da shi ba. Dokokin kiwon lafiya na duniya na 2005, waɗanda ƙasashenmu duka suka amince da su, sun tanadi cewa a yaƙi annoba ba tare da an takura wa zirga-zirga da kasuwanci fiye da kima ba, a lokacin Ebola ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a rufe iyakoki, amma ƙasashe da dama suka yi kunnen ƙashi. Wannan ya nuna cewa rufe iyaka shawara ce ta siyasa, na'ura kaɗai ba za ta hana ta ba.

A yi hattara da ƴan damfara

Akwai kuma gargaɗi na musamman ga ƴan uwanmu masu saro kayan lantarki daga Dubai da Sin. Duk lokacin da aka ji labarin sabuwar fasaha, masu neman na banza sukan riga masana isa kasuwa. A watan Fabrairun 2014 rundunar sojan Masar ta nuna wata na'ura mai eriya da aka ce tana gano ciwon hanta nau'in C da ƙwayar HIV daga nesa, masana suka yi watsi da ita. A watan Afrilun 2020 dakarun juyin juya halin Iran su ma suka fito da wata da suka ce tana gano korona daga nisan mita 100 cikin daƙiƙa 5, ita ma masana kimiyya na ƙasar suka ƙaryata. Ma'aunin gaskiya ba ya gano cuta daga nesa, dole sai an ɗauki jini ko majina ko yawu an kai masa. Duk wanda ya tallata mana akwatin da ake nuna wa mutum ko saniya ya faɗi cutarta, kada mu yi cinikin biri a sama, mu tambaye shi takardar amincewar ma'aikatar kiwon lafiya ko ta Hukumar Lafiya ta Duniya.

Abin da ya kamata mu nema tun yanzu

Ba sai mun zauna jiran tsinken silikon ba, domin akwai kayan aikin da aka riga aka gwada aka ga amfaninsu. Katin gwajin zazzaɓin cizon sauro yana ba da amsa cikin minti 15 zuwa 20, ya kuma isa ƙauyuka. Injin GeneXpert da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2010 don gano tarin fuka yana fitar da sakamako cikin kamar awa biyu, an kuma yi amfani da irinsa wajen gwajin Ebola da korona. Muna da ɗakunan bincike irin su CERMES da LABOCEL a Yamai, da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato, da LANAVET a Garwa. Matsalar ita ce nisa, domin daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, samfurin da ya kwana a mota cikin zafi kuwa yana iya lalacewa kafin ya isa.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na fataken dabbobi da sarakunan kasuwa na ɓangarorin biyu da su haɗa murya a kan abubuwa huɗu. A kafa ƙananan ɗakunan gwaji masu wutar sola a manyan garuruwan kan iyaka, na mutane da na dabbobi. A yi yarjejeniya tun kafin wata annoba ta zo, cewa sakamakon gefe ɗaya karɓaɓɓe ne a ɗaya gefen. A sa gwajin lokacin annoba ya zama kyauta ga ƙaramin ɗan kasuwa, a kuma liƙa farashinsa a fili ga mai babbar mota. Sannan a ware asusun diyya ga wanda aka kashe masa dabbobi. Mu ma akwai namu nauyin, wato mu daina ɓoye dabba marar lafiya muna cusa ta cikin garke don kada mu yi asara, domin asarar da za ta biyo baya ta kowa ce.

Cutar bushiya da ta sha cinye garkunan kakanninmu an bayyana kawar da ita daga duniya a 2011, ba don wata na'ura guda ba, sai don rigakafi da gwaji da haɗin kan makiyaya da hukumomi na ƙasashe da yawa. Idan ma'aunin silikon ya nuna, ya kuma jure zafinmu da ƙurarmu, za mu yi maraba da shi. Amma ranar da zai iso, zai amfane mu ne kawai idan ya tarar da ɗakin gwaji da ma'aikaci da yarjejeniya suna jiransa a bakin iyaka. Allah ya kare mu da dukiyoyinmu.